Rijiyar Bayan Masallaci

Sha'aibu Maje malamin asibiti ne a wani ɗan asibitin sha-ka-tafi da ke cikin Tarauni. A Gyaɗi-Gyaɗi yake zaune, a gidan haya mai ɗaki biyu, shi da matarsa Mufida da 'yarsu ɗaya. Kullum da safe yakan hau kekensa ya tafi aiki, kuma sau da yawa sai ya isa bakin asibitin yake tuna cewa makullin ofis yana aljihun rigar da ya sa jiya.

Ba rago ba ne, ba kuma daƙiƙi ba. A makarantar koyon aikin lafiya, in aka zo muhawara a kan abin da ke hana talaka lafiya, ba mai iya ja da shi. Zai ɗauko maganar tun daga ruwan sha, ya bi ta kasuwa, ya ratsa makaranta, ya dire a ofishin gwamnati, kowa ya ga yadda abu ɗaya ke riƙe da ɗan'uwansa. Amma sau biyu yana faɗuwa jarrabawar aikin hannu, ɗaya don ya manta rubuta kwanan wata a jikin kwalba, ɗaya don ya tsallake layi a takardar magani. A karo na uku ya haye da ƙyar.

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, 1999, Sha'aibu ya ji kamar lokacinsa ne ya zo. Wani abokinsa na firamare, Rabi'u, ya ci kujerar kansila. Sha'aibu ya sayi littafi mai bango baƙi ya fara rubuta tsarin da yake ganin zai gyara lafiyar unguwannin Kano baki ɗaya. Ko yana duba mara lafiya, rabin hankalinsa yana cikin littafin.

Wata Talata da hantsi, Sista Safara'u, wadda ita ce babba a asibitin, ta kira shi ɗakinta. Mace ce da ta yi shekara ashirin da shida tana aikin jinya, ba ta da yawan magana. Ta miƙa masa kati.

"Malam Sha'aibu, karanta mini sunan nan."

Ya ce, "Asma'u Isyaku."

"Wadda ke zaune a benci fa, da ka sallama yanzu?"

"Ai Asma'u ce."

"Asma'u Hamza ce. Cikinta wata uku. Maganin da ka rubuta mata na waccan ce, mai hawan jini. Da ban tare ta a ƙofa ba, da yanzu ta sha."

Ya fara ba da haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Ba haƙuri nake nema ba. Na san kana da kai, ina jin irin maganganun da kake yi. Kai jama'a kake gani, ba ka ganin mutum. To jama'a ba ta zuwa asibiti, ɗana. Asma'u Hamza ce ke zuwa."

Ya ce, "Sista, wallahi ina ƙoƙari. In na kalli takarda, kafin idona ya kai ƙarshen layi, kaina ya riga ya gaya mini abin da ke wurin."

"To ka daina yarda da shi. Ka ɗora yatsa a kan kowane layi, ka karanta a fili ko da mutane za su yi maka dariya. Ka kira sunan mara lafiya har da na mahaifinsa, ka jira ya amsa. Abin da aka gaya maka kuma, in da hali, ka taka da ƙafarka ka je ka gani."

Ya koma gida ya ba Mufida labari bai rage komai ba. Tana zaune a tsakar gida da faranti a cinya tana tsince shinkafa. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta miƙa masa farantin.

Ta ce, "Ga makaranta nan. Duk ranar da muka ci tuwo ba wanda ya tauna tsakuwa, ka ci jarrabawa."

Da wasa ta faɗa, amma shi ya karɓa da gaske. Ranar farko ya fara da kyau, sai tunaninsa ya tafi kan dalilin da ya sa shinkafar gida ke zuwa da tsakuwa, daga nan ya shiga maganar manoman Kura da injin casa, hannunsa na ta tura ƙwaya bai san me yake turawa ba. Da aka zo cin abinci, Mufida ta tauna tsakuwa har sai da ta riƙe kunci. Bai daina ba. Ya ajiye baƙin littafin a ƙasan akwati. A asibiti ya riƙa bin rajista da yatsa yana motsa baki kamar ɗan aji ɗaya. Masu jira a benci suna ƙorafin ya cika jinkiri, bai kula su ba. Yakan tashi aiki da ciwon kai, don riƙe hankalinsa a kan layi ɗaya ya fi masa wuya a kan ɗaukar buhu. Sati bakwai suka wuce Sista Safara'u ba ta kama shi da kuskure ko ɗaya ba. Wata rana ma ta ce da shi, "Ka fara zama ma'aikaci." Ya daɗe bai ji maganar da ta yi masa daɗi kamar wannan ba.

Da damina ta kankama a watan Agusta, amai da gudawa suka shigo. Ranar farko mutum biyu aka kawo, washegari biyar. Cikin sati guda benci ya cika, aka shimfiɗa tabarmi a baranda ana ɗaura wa mutane ƙarin ruwa a jikin ƙusoshin bango. Waɗanda abin ya yi wa tsanani ana tura su babban asibiti.

Kowa yana fama da mara lafiyan da ke gabansa. Sha'aibu ne kaɗai ya lura cewa sunayen lungunan da yake rubutawa a rajista suna ta maimaita kansu. Ya fara tambayar duk wanda aka kawo inda suke samun ruwan sha. Famfon unguwar ya daɗe da ƙafewa, don haka kowa rijiya ko 'yan ga-ruwa. Amsar da ya fi samu ita ce, "Rijiyar bayan masallaci." Haka ya riƙa rubutawa a gefen kowane suna. Ran nan da azahar ya zauna ya ƙirga da yatsa, har sau biyu. Cikin mutum talatin da ɗaya, ashirin da huɗu ruwan rijiya ɗaya suke sha.

Ya kai wa Sista Safara'u. Ta duba, ta jinjina kai.

"Wannan kam ka gani, ni ban gani ba. Ka je wurin?"

"Yanzu zan tafi."

Ya hau keke ya shiga lungunan, yana ɗage ƙafa a inda ruwa ya kwanta. Ya tambayi wani mai shago ina masallaci yake, aka nuna masa wani ƙaramin masallaci a gindin darbejiya. Ya zagaya bayansa, sai ga rijiya. Bakinta na siminti ne amma ya tsage ta gefe ɗaya, kuma taku kaɗan daga wurin kwata ce ta cika tana malala. Yana ganin haka komai ya haɗu a kansa: ruwan sama ya cika kwata, kwata ta bi tsagar, rijiya ta raba wa gidaje. Ya tsaya ya zana taswira, ya auna tazarar da takunsa, ya rubuta taku tara. Wani dattijo yana zaune a kan buzu a ƙofar gidan da ke kusa yana jan carbi. Sha'aibu ya ɗaga masa hannu daga nesa, dattijon ya amsa. Bai ƙarasa wurinsa ba, saboda yana sauri ya tarar da Rabi'u kafin a tashi daga ofis.

Rabi'u ya karanta rahoton a tsaye. Sabon kansila ne mai neman abin da zai nuna wa mutanen da suka zaɓe shi, ga kuma takarda da adadi da taswira.

Ya ce, "Ka tabbata, Sha'aibu?"

"Da ƙafata na je. Na ƙirga sau biyu."

"To ai irin wannan muke so. Da can sai an rubuta wa wani ya rubuta wa wani. Gobe za a rufe ta."

Washegari duba-gari suka zo da kafinta, aka buga wa rijiyar murfin katako aka sa kwaɗo. Dattijon nan, Malam Ɗahiru, shi ne mai rijiyar. Shekara goma sha takwas da suka wuce ya haƙa ta sadaka ga mahaifiyarsa. Ya ce da su shi da iyalinsa ita suke sha kuma ba wanda ko ciki ya murɗa wa. Aka ce masa umarni ne daga asibiti, sai ya koma kan buzunsa.

Sha'aibu ya koma aiki yana jiran adadin ya sauka. Ya ma ciro baƙin littafin daga akwati ya ƙara shafi uku. Kwana biyu ba abin da ya canza, ya ce ai dama sai waɗanda suka riga suka sha sun gama zuwa. A kwana na huɗu aka kawo mutum goma sha tara. A na biyar baranda ta kasa ɗauka. Kuma yanzu har da mutanen lungunan da a da ba a taɓa kawo ko mutum ɗaya daga cikinsu ba.

Yana ɗaura wa wata mata ruwa ya tambayi mijinta inda suke ɗiba.

Mutumin ya ce, "Da dai a ta Malam Ɗahiru muke ɗiba. Tun da aka rufe ta, duk mun koma ta bayan masallaci."

"Ba ita ce aka rufe ba?"

"A'a, Malam. Wadda aka rufe ai rijiyar Malam Ɗahiru ce, kowa haka yake kiranta. Rijiyar bayan masallaci tana can gaba, bayan masallacin 'yan katako. Can 'yan ga-ruwa suke cika jarkokinsu."

Sha'aibu ya ƙarasa ɗaure robar, ya manna filasta, ya miƙe. Ya shiga ofis ya buɗe rajista ya koma shafukan satin farko. Duk gefen sunayen rubutunsa ne, "bayan masallaci", "bayan masallaci". Amma akwai layi ɗaya na ranar da ya fita sallah Sista Safara'u ta karɓi wata yarinya. Da rubutunta mai ƙananan haruffa ta sa, "bayan masallacin 'yan katako". Yatsansa ya bi ta kan layin nan sau biyu ranar da yake ƙirga. Ya karanta kalmomi biyun farko, kansa ya ƙarasa masa sauran.

Ya ɗauki rajistar ya kai mata, ya nuna mata layin. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Ni ma da na rubuta ban tuna ba. Tashi ka je wurin kansila yanzu, maganar laifi ta jira."

A ranar aka rufe ta bayan masallacin 'yan katako. Da duba-gari suka leƙa, sai suka tarar ramin masai na wani gida ya rufta a ƙarƙashin ƙasa yana tsiyaya cikinta. Aka cire kwaɗon rijiyar Malam Ɗahiru. Cikin kwana goma cutar ta lafa. Amma a kwanakin nan biyar da rijiya mai kyau take rufe, mutanen lungu uku sun sha ruwan da ba su saba sha ba. Mutum shida daga cikinsu suka rasu. Ɗaya ita ce Kulu, jikar Malam Ɗahiru, 'yar shekara huɗu.

Mufida ta ce kada ya je gaisuwa, tana tsoron abin da matasan unguwar za su yi masa. Ya ce zai je. Ranar sadakar uku ya jingine kekensa a nesa, ya cire takalmi ya durƙusa a gefen tabarma. Masu zaman makoki suka zuba masa ido. Wani saurayi ya yunƙura, Malam Ɗahiru ya dafa masa gwiwa ya koma ya zauna.

Sha'aibu ya ce, "Baba, ya haƙuri? Allah ya jiƙanta, ya sa mai ceto ce."

"Amin. Haƙuri sai ma'aiki."

"Baba, ni ne na rubuta takardar da aka rufe rijiyarka. Kuskurena ne. Na zo ka yafe mini."

Dattijon ya dube shi da kyau. "Na gane ka. Kai ne mai keke da ya zo yana auna ƙasa da ƙafa."

"Ni ne."

"Kwananta ne ya ƙare, ba kai ka yanke mata ba. Na yafe maka, duniya da lahira." Ya juya carbinsa. "Sai dai ranar nan ina zaune a nan. Tsakanina da kai bai kai takun da ka auna ba. Da ka ƙaraso ka ce, Malam, ya sunan rijiyar nan, da na gaya maka."

Aka shafa fatiha, Sha'aibu ya tashi. Daga cikin gida yana jiyo muryar wata mata tana kuka a hankali, bai san ko uwar yarinyar ba ce.

Ba a kore shi daga aiki ba. An kafa ɗan kwamiti, Sista Safara'u ta tsaya masa, ta ce in ba don shi ba da ba wanda zai kalli rijiya tun farko. Wannan gaskiya ne, kuma an rubuta shi a rahoto. Duk da haka aka ɗauke shi daga duba marasa lafiya aka mai da shi ɗakin kati, inda aikinsa shi ne ya rubuta suna ya miƙa ta taga. Rabi'u ya daina amsa sallamarsa da sakin fuska, don 'yan adawa sun sa masa suna kansilan kwaɗo, kuma har wa'adinsa ya ƙare sunan bai bar shi ba.

Wata rana bayan an tashi, Sha'aibu ya tarar da Sista Safara'u tana wanke hannu a bakin tanki.

Ya ce, "Sista, duk abin da kika ce na yi. Na sa yatsa, na karanta a fili, na taka da ƙafata. Me ya rage?"

Ta ci gaba da cuɗa sabulu. "Ban sani ba, ɗana. Ni haka Allah ya yi ni, ƙaramin abu shi nake fara gani. Na ɗauka abu ne da ake koya wa mutum kamar ɗaura bandeji. Wataƙila ana koya. Wataƙila kuma iyakar abin da mutum zai iya shi ne ya rage kuskure."

"Na rage, kuma ga abin da ya faru."

"Na sani."

Ya jira ko za ta ƙara wani abu. Ta yarfe hannunta ta ce ya gaida Mufida.

A ɗakin kati ya zama mutum mai tsananin bin ƙa'ida. Yakan tambayi suna sau uku, ya tambayi lungu, ya tambayi gidan wa ke kusa da gidan wa, har mutane su gaji su ce, "Malam, kati kawai muka zo karɓa." Ya rame. Ya daina zama majalisar ƙofar gida inda ake taɗin sabuwar gwamnati, in an tambayi ra'ayinsa sai ya ce bai bi labarin ba. Mufida ta lura ko fita za su yi, sai ya koma ya taɓa kwaɗon ƙofa sau biyu, wani lokaci sau uku, kuma duk da haka ranar sunan ƙanwarta ya bar rishon girki a kunne.

Da bazara ta zagayo, sai ya fara ganin wani abu ta tagar katin. Yara masu zazzaɓi da jan ido suna ƙaruwa, kuma yawancinsu daga ɓangaren Unguwa Uku suke, 'yan shekara biyar zuwa bakwai. Tun a yaro na shida zuciyarsa ta gaya masa ƙyanda ce, kuma daga makaranta ɗaya take fitowa. Bai gaya wa kowa ba. Ya ce sai ya tabbatar. Ya ware katunan ya bi su da yatsa. Ranar Asabar ya hau keke ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar sunan makaranta da sunan malami da launin ƙofar makarantar, don kada a sami biyu masu suna ɗaya. Gida biyu bai sami kowa ba, ya bari sai wata Asabar ɗin. Da ya koma, sai ya ga lambar wani gida ba ta yi daidai da ta kati ba, ya sake farawa daga farko.

Sati uku ya ɗauka. Ranar da ya kai wa Sista Safara'u takardar, shafi huɗu ce, ba kuskure ko na ɗigo. Ta karanta har ƙarshe, ta ninke ta miƙa masa.

Ta ce, "Daidai ne, duk abin da ka rubuta. Amma tun ranar Laraba iyaye suka kai ƙara aka rufe makarantar. Yara arba'in ne suka kamu, biyu sun makance. Yaushe ka fara gani?"

Ya gaya mata.

Ta ɗauki abin awon jininta ta fita wurin masu jira. Sha'aibu ya koma ɗakin kati ya ɗaga taga. Layi ya riga ya kai bakin ƙofa, wata tsohuwa ce a gaba tana riƙe da hannun jikanta. Ya ciro sabon kati ya tambaye ta sunan yaron.